Masaukin Goggo Asta

Akwai ranar da har yau ba ta fita daga raina ba, ranar da aka tambayi wata dattijuwa a gaban kotu inda take kwana, ta faɗi gaskiya, gaskiyar kuma ta rusa mana shari'a. Ku da aka turo mana ofishin nan bana, kun lura cewa duk lokacin da aka ce shaida zai zo daga nesa, kafin in buɗe fayil sai na tambayi inda za a sauke shi. Na san wasunku suna kirana Anti Masauki idan na ba da baya. Ban ji haushi ba. Na dai ga ya kamata in rubuta muku inda abin ya samo asali.

A lokacin ina shekarata ta uku a aiki, ƙaramar lauyar gwamnati a sashen gabatar da ƙara. Ga wanda bai san tsarinmu ba, 'yan sanda ne ke bincike, su haɗa fayil su kawo mana, mu duba ko akwai hujjar gurfanar da mutum, idan akwai mu tsaya gaban alƙali da sunan gwamnati. Sama da ni akwai manyan lauyoyi, sama da su mataimakin darakta, can ƙoli kuma Darakta, wanda ko kujera ba a gyarawa sai ya sa hannu. Shari'ar kisa ba a saba ba wa irina ba. Wannan ta faɗo hannuna ne saboda na karanci Faransanci kafin in koma karatun lauya, kuma kakata ta bar mini Fulatanci daidai na gaisuwa da na hira.

Wanda aka kashe sunansa Istifanus, direban keke mai ƙafa uku na haya, shekarunsa ashirin da 'yan kai. Wata ranar la'asar ya ɗauko fasinja da kayanta daga cikin Kasuwar Gombe zai kai ta tasha. A cunkoson bakin kasuwa kekensa ya gogi ƙafar wani matashi da ake kira Dogo, ɗaya daga cikin 'yan kalaren da ke yawo da makami a unguwanni. Magana ba ta yi nisa ba Dogo ya zare wuƙa. Wurin cike yake da jama'a, 'yan dako, masu shaguna, masu talla. Da 'yan sanda suka zo, kowa ya ce yana duba wani wajen ne a lokacin. Ba na ganin laifinsu sosai. Su ne za su buɗe shago gobe a wurin.

Mutum ɗaya ce ta yi magana, ita ce fasinjar. Goggo Asta, Bafulatana daga Garwa ta ƙasar Kamaru, ta zo sayen kwanonin auren autarta. Baƙuwa ce, ba ta san wanda ake tsoro a Gombe ba. Ita ta riƙe kan Istifanus a cinyarta har ya cika. Sufeto Ngozi, mai binciken shari'ar, haifaffiyar Gombe ce da Hausarta ta fi tawa zaƙi, ta rubuta ɗan abin da ta iya fahimta daga Hausar kasuwa ta Goggo, ta karɓi lambar wayar ɗanta. Kashegari Goggo ta koma ƙasarsu. Dogo kuwa sai bayan makonni aka kama shi, saboda haka ba a taɓa jera shi cikin mutane an ce ta nuna shi ba.

A nan ne maganar ƙasashe ta shigo. Akwai fahimtar juna tsakanin ƙasashen da ke maƙwabtaka da mu cewa idan laifi ya faru a nan, shaida kuma yana can, za a taimaki juna. A takarda abin yana da kyau ƙwarai. Amma shari'armu da tasu ba tafiya ɗaya suke yi ba. Can, alƙali ne da kansa ke bincike. Ya kira shaida ofishinsa, ya rantsar da shi, ya saurare shi a natse, magatakarda ya rubuta, abin da aka rubuta kuma ya shiga fayil ya zama hujja. Mu a nan, sai shaida ya tsaya da ƙafarsa a kotu, lauyan wanda ake tuhuma ya juya shi ta kowace fuska, abin da ya rage bayan an gama jujjuyawar shi ne hujja. Su sun yarda da alƙalinsu. Mu mun yarda da gwagwarmayar lauyoyi biyu.

Muka rubuta buƙata, ta bi ta Abuja, ta bi ta babban birninsu, ta isa Garwa. Alƙalin binciken da ta faɗa hannunsa mutum ne mai himma. Ya kira Goggo Asta, ta ba da labari tun daga farko, ta siffanta Dogo har da wani tabo da ya tashi daga bayan kunnensa na hagu ya gangaro wuya. Ranar ya ɗauki hoton takardar ya turo mini ta waya don in san abin da ke ciki. Ita kuwa takardar ta asali, mai hatimi, wadda kotu za ta iya kallo, dole ta koma ta hanyar da buƙatar ta bi.

Na kai wa Darakta hoton cike da murna. Ya duba ya ajiye.

"Barista Fa'iza, ko ta asalin ce ta zo, Sambo ba zai bari ta wuce ba sai ya yi wa matar tambayoyi. Ki kawo mini ita da ranta."

Barista Sambo shi ne lauyan Dogo, tsohon hannu, ya fara aiki tun ban shiga firamare ba. Darakta ya yi gaskiya. Na koma ga alƙalin Garwa ta waya. Ya ce shi bai gane dalilin da zai sa mace mai jikoki ta sake rantsuwa a kan abin da ta riga ta rantse ba, amma zai lallashe ta. Ya tuna mini cewa ƙasar da ta nemi shaida ita ke da alhakin masaukinsa da tsaronsa har ya koma. Na ce masa na sani. Na faɗa da bakina, da Faransancina mai kyau.

Ƙarshen damina ne. Ina zaune a unguwar Tumfure tare da iyayena, kullum da safe keke ke ɗauko ni ta tsakanin sababbin gidaje da gonakin da ba a riga an sayar ba, dawa ta fara ja a kai. A waɗannan tafiye-tafiyen nake rubutu a waya. Darakta ya gano ina rubuta waƙoƙi, tun daga nan duk jawabin da zai yi ni ke tsara masa. A makon an gayyace shi wani taro a Abuja kan haɗa kan dokokin hukunta laifi tsakanin ƙasashe maƙwabta, an ce ya yi magana a kan kula da shaidun da suka tsallako iyaka. Na zuba zuciyata a jawabin. Har yanzu ina tuna layin da na fi so: mai laifi ba ya tsayawa a iyaka, don me gaskiya za ta tsaya? Na yi imani da abin da na rubuta. Ina ganin kamar muna gina wata gada ce, ni kuma ina cikin masu ɗora tubali.

Goggo Asta ta iso ranar Litinin da yamma. Siririya ce, doguwa, da 'yar jaka ɗaya, don an ce mata kwana ɗaya za ta yi. Sufeto Ngozi ta tarbe ta a tasha ta kai ta ɗakinta na barikin 'yan sanda, inda take da yara uku, ta ce dare ɗaya ba zai gagara ba. Takardar neman masauki da na rubuta tana kan teburin Darakta tun makon da ya gabata.

Talata da safe muka hallara. Kotu ta cika, an kawo Dogo daga gidan yari. Muna zaune har rana ta ɗaga, sai magatakarda ya fito ya ce Mai Shari'a ba zai zauna ba, an ɗage zuwa Talata mai zuwa. Na bi shi na tambayi dalili a hankali. Ya ce ai an ƙara sunan Mai Shari'a cikin waɗanda za su je taron Abuja, tun jiya suka tafi jirgi ɗaya da Daraktanku.

Na fassara wa Goggo. Ta dube ni, ta dubi jakarta.

Kafin in gama tunani, Sufeto Ngozi ta ja ni gefe.

"Barista, kin ga abin da nake gudu. An turo ni aiki na musamman Kaltungo, yanzu mota ke jirana. Yara zan kai gidan ƙanwata. Goggo fa?"

"Ki bar mini mabuɗin ɗakinki."

"Ta kwana ita kaɗai a bariki, ba ta jin yaren kowa, banɗaki ɗaya da mutanen layi guda? Ki je ki matsa wa ogoginki, su ne da biro."

Ni kaina ba zan iya kai ta gidanmu ba. Lauyan da zai gabatar da shaida ba ya kwana gida ɗaya da shi, don kada a ce ya kitsa masa abin da zai faɗa. Na zaunar da Goggo a bencin baranda, na saya mata ruwa, na ce ta jira ni. Na tafi ofis. Mataimakin darakta ya saurare ni da kyau, ya ce abin da ya shafi wata ƙasa ba ya taɓawa, in kira Yallaɓai Darakta. Na yi ta kira har aka ɗauka. Ina jin ƙarar cokula a bayansa.

"Yallaɓai, shaidarmu ta Garwa tana zaune a baranda, ba inda za ta kwana."

"Barista, kin san jawabin nan naki sai da aka tafa mini sau biyu? Wani baƙo daga ƙasar waje har ya nemi kwafi."

"Na gode, Yallaɓai. Maganar masaukin fa? Ko da baki ne ka ba mataimaki izini."

"Abin gwamnati ba a yin sa da baki. Ki san yadda za ki yi da ita zuwa Litinin, ina dawowa zan sa hannu."

Da na koma kotu, bencin ba kowa. Mai gadi ya ce wata mata ta tafi da ita, wadda ke zuwa duk ranar shari'ar nan da farin ɗankwali. Nan take na gane. Mama Rifkatu ce, mahaifiyar Istifanus, Batangaliya, tsohuwar malamar firamare, mijinta ya daɗe da rasuwa. Tun da aka fara gurfanar da Dogo ba ta taɓa fashin zama ba. Takan zauna a layi na biyu, ta ɗora hannuwa a kan jaka, ta kafa masa ido.

Na hau keke zuwa unguwar Kumbiya-Kumbiya, inda gidan Mama Rifkatu yake. Na same su a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar gwaiba. Goggo Asta ta yi wanka, tana sanye da zanen da ba nata ba, ga kwanon tuwon masara da miyar kuka a gabanta. A jikin bango akwai sabuwar buta da sabuwar tabarma, ko takardar farashi ba a cire ba. Mama Rifkatu ta biya ta kasuwa ta saya mata don salla, har ta tambayi maƙwabta inda alƙibla take. Ta yi shekaru tana koyarwa a Dukku, garin Fulani, don haka tana da ɗan Fulatancinta. Da shi da Hausar kasuwar Goggo suke hira.

Na durƙusa na gaishe su, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Mama, zaman nan zai iya jawo mana matsala a kotu. Ki bari in kai ta otal, ni zan ɗauki nauyi."

"Otal," in ji ta. "'Yata, kin gan ta a bencin nan? Rana ta juyo kanta, masu shara suna cewa ta ɗaga ƙafa. Matar da ta riƙe mini kan ɗana. Ni ina Gombe ban riƙe shi ba, ita ta zo daga wata ƙasa ta riƙe shi. Sai in wuce ta in hau keke?"

"Na sani, Mama. Amma doka tana kallon abin daban."

"To dokar ta zo ta ɗauke ta mana. Tun safe muke jiranta."

Na juya ga Goggo na yi mata bayani da Fulatanci. Ta saurara kanta a ƙasa. Ta ce ita tun da aka haife ta ba ta taɓa kwana a otal ba, matar aure mai surukai ba ta yin haka. Ta ce kuma ta riga ta sha ruwan gidan nan, ta ci tuwonsa; idan ta ɗauki jaka ta fita yanzu, ta zagi matar da ke cikin makoki. Ta ce in ba ta wata doka, wannan kam ba za ta iya ba.

Na roƙe su abu ɗaya, kada su yi maganar shari'ar. Mama Rifkatu ta dube ni kamar yadda take duban ɗalibin da ya ba da amsar da bai yi tunani a kanta ba.

"Ta riga ta faɗa mini abin da nake so in ji. Kin san abin da ya ce mata na ƙarshe? Haƙuri ya ba ta. Kwanoninta sun zube a titi, yana cewa, Mama ki yi haƙuri, kayanki sun fashe." Ta gyara ɗankwalinta. "Wata nawa ina zuwa kotunku, ba wanda ya gaya mini wannan."

Na fito na tsaya a ƙofar gida. Yara suna wasa a lungu, wani yana gasa masara. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar zaman matan nan biyu ba, kuma ban taɓa jin tsoron abu mai kyau ba sai ranar.

Darakta ya dawo Litinin da jaka mai tambarin taro. Ya sa hannu a takardar masaukin ba tare da ya zauna ba. Na gaya masa inda shaidar take. Ya ce, "Sambo ba zai sani ba." A Gombe, inda mai keken da ya sauke ka ɗan ƙanwar maƙwabcinka ne.

Talata kotu ta zauna. Aka rantsar da Goggo Asta, aka kawo tafinta, don lauya ba ya fassara wa shaidarsa. Na yi mata tambayoyi ta amsa tiryan-tiryan, muryarta ƙasa-ƙasa. Da na ce ko wanda ya yi aikin yana cikin ɗakin nan, ta ɗaga hannu ta nuna Dogo, ta ce ga tabon nan a wuyansa. Na zauna. Na ga Mai Shari'a yana rubutu da sauri.

Barista Sambo ya miƙe a hankali, ya gyara rigarsa. Ya fara gaishe ta da Fulatanci mai kyau, ya tambayi mutanen Garwa, har ta ɗan saki fuska. Sannan ya koma Turanci, tafinta na juyawa.

"Goggo, an ce tun makon jiya kike garinmu. Ina fata an karɓe ki da kyau."

"An karɓe ni."

"A ina aka sauke ki?"

"Gidan Dada Istifanus." Haka take kiran Mama Rifkatu, wato uwar Istifanus.

"Allah Ya saka mata. Wannan zanen na jikinki yana da kyau. Daga Garwa kika zo da shi?"

"Ita ta ba ni. Kaya ɗaya na zo da shi."

"Ɗaki ɗaya kuke kwana?"

"Ɗaki ɗaya."

"Kuna hirar marigayi?"

"Kullum. Uwa ce."

"Kun taɓa maganar kamannin wanda ya kashe shi?"

Na miƙe na yi suka, Mai Shari'a ya ce tambayar tana kan hanya. Goggo ba ta ga ramin ba, don ba ta san ana haƙa rami a gaban alƙali ba.

"Ta tambaye ni, na faɗa mata. Ta ce ta gan shi a nan, tabon yana nan yadda na ce."

"Wato ita ta san fuskarsa, ta yi watanni tana kallonsa a ɗakin nan. Ke kuma sau ɗaya kika ga wani mutum, cikin cunkoso, cikin firgici. A bayanin da kika ba 'yan sanda ranar, babu maganar tabo."

"Ba su da mai jin yarena."

"To ina gaya miki, Goggo, ba ki ga fuskar kowa ba. A tsakar gidan da aka ciyar da ke, aka tufatar da ke, a nan aka ba ki wannan fuskar. Abin da kika faɗa wa kotu ba gaskiya ba ne."

Ku da kuke lauyoyi kun san wannan jimla ce ta yau da kullum, kowa na faɗinta, dole ma ne a faɗa. Amma tafintan, wanda shi ma Bafulatani ne, sai da ya yi jim kafin ya juya ta. Da ta shiga kunnen Goggo, na ga fuskarta ta canja. A ƙasarsu ba a taɓa barin wani ya tsaya gaban jama'a ya ce mata maƙaryaciya ba, kuma alƙali yana zaune yana ji bai tsawata ba. Ta dubi Mai Shari'a tana jiran ya yi magana. Yana rubutu. Sai ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska.

"Na rantse gaban alƙalinmu tun ban san matar nan ba. Ya rubuta tabon. Ku tambaye shi."

Daga nan ba ta ƙara cewa komai mai tsawo ba. Duk tambayar da aka yi mata, har tawa, sai ta ce ta riga ta faɗa.

Gaskiya ta faɗa, kuma hujjar tana cikin wayata. Bayanin da ta yi a Garwa kafin ta san akwai wata Mama Rifkatu a duniya ya isa ya wanke ta. Na nemi kotu ta karɓa. Barista Sambo ya ce hoton waya ne na takardar wata ƙasa, ba hatimi, ba tabbacin hukumar da ya kamata ta tabbatar, ba fassarar da aka rantse a kanta. Mai Shari'a ya yarda da shi, kuma bisa doka daidai ya yi. Na roƙi lokaci don ta asalin ta iso. Ya ba ni. Ba ta iso ba. Ya ƙara mini, ba ta iso ba. Na kira Abuja har suka gane muryata. Yau a ce tana wannan ofis, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Dattijuwa ta tsallako iyaka a motar haya cikin yini biyu, takardarta ta kasa. A ƙarshe kotu ta ce mutum yana tsare, ba za a yi ta jira ba, mu rufe kawo hujja.

Goggo Asta ta tafi kashegarin shaidarta. Ni na raka ta tasha. Ta sa kayan da ta zo da su, zanen kuwa ta ninke shi ta ce in mayar wa Dada Istifanus, in ce mata ba don ta raina ba. Da mota za ta tashi na ce ta yafe mana. Ta ce, "Ke yarinya ce." Ba ta ce ta yafe ba.

An yanke hukunci bayan sanyi ya wuce. Mai Shari'a ya karanta da murya mai nauyi. Ya ce shaida ɗaya tak na iya isa a hukunta mutum, amma a shari'ar da hukuncinta rai ne, shaidar da ta zauna gidan mahaifiyar mamaci, ta ci, ta sha, ta karɓi kyauta, suka kuma tattauna kamannin wanda ake tuhuma kafin ta nuna shi, ta bar shakkar da kotu ba za ta iya tsallakewa ba. Ya sallami Dogo, ya wanke shi. Abokansa suka yi ta sowa a waje.

Barista Sambo ya same ni ina haɗa littattafai. Ya ce, "Barista, da ke ce a kujerata, tambayar da za ki yi ke nan." Na ce haka ne. Ya ce, "Na yarda da matar, in kina son ki sani." Na ce ban so in sani ba.

Mama Rifkatu tana zaune a layi na biyu har ɗakin ya watse. Na je na zauna kusa da ita. An riga an fassara mata hukuncin, ba ta buƙatar bayani. Ta daɗe tana kallon akwatin da Dogo ke tsayawa.

"'Yata, ki gaya mini gaskiya. Da na bar ta a bencin nan, da an hukunta shi?"

Na so in ce a'a. Na ce, "Wataƙila, Mama."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Ashe tuwona ne ya sake shi."

Na ce ba haka ba ne, na fara lissafa mata taro da sa hannu da hatimi. Ta dafa gwiwata don in yi shiru, ta miƙe ta ɗauki jakarta. Ban sake ganinta a kotu ba. Na je gidan sau biyu, ta karɓe ni da mutunci, ta ba ni kujera. Ruwa kawai ta kawo mini. Ta ce ta daina ba mutanen shari'a abinci, kada ta ɓata musu aiki. Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya fi ciwo.

Takardar asali ta iso da farkon damina, cikin ambulan mai kauri, da hatimai jere a bayanta kamar ado. Na sa ta a fayil na rufe. Na kira alƙalin Garwa na gaya masa yadda aka ƙare. Ya ce Goggo ta riga ta zo ta ba shi labari, kuma labarin ya zaga unguwarsu. Ya ce akwai wasu shaidu biyu da wata kotu ta ƙasarmu ke nema a wata shari'ar, ya kira su sun ƙi zuwa, shi kuma bai san abin da zai ce musu ba. Dogo yana nan. Nakan gan shi a bakin kasuwa idan kekena ya tsaya a cunkoso. Jawabin nan kuwa an buga shi cikin littafin taron, yana kan kantar ofishin Darakta, kuna iya dubawa. Tun daga lokacin ban sake rubuta wa kowa jawabi ba.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, masu haɗa dokokin ƙasashe suna haɗa kalmomi ne, su daidaita sashe da sashe, su tafa. Ba na cewa aikin banza ne, da an gama shi da kyau da bayanin Garwa ya tsaya da ƙafarsa a kotunmu. Amma tsakanin doka da doka akwai mutum mai jaka ɗaya, wanda rana za ta faɗi yana buƙatar inda zai shimfiɗa tabarma. Idan mu da muka kira shi ba mu tanada ba, mutanenmu ba za su bar baƙo a benci ba. Wanda ya fi kowa ciwo shi zai fara miƙa hannu, mu kuma mu zo kotu mu auna alherinsa da ma'aunin zargi.

Saboda haka idan na tambaye ku inda shaida zai kwana, ku ba ni sunan wurin, da wanda ya sa hannu, da wanda zai maye gurbinsa idan ya tafi taro. Ku ci gaba da kirana Anti Masauki, ba komai. Akwai wata mata a Kumbiya-Kumbiya da har yau take ganin ita ta saki wanda ya kashe ɗanta, kuma duk karatuna ban sami kalmar da zan cire mata wannan ba.